Buka Tsakanin Katafila da Kasuwa: Waiwaye a Kan Ƙananan Gidajen Abinci na Ikko

Duk wanda ya taɓa zama a Ikko ya san buka, wato rumfar kwano mai benci biyu ko uku, inda ake tuƙa amala da teba a gaban mai saye. Ana kyautata zaton daga bakin fataken Hausawa Yarabawa suka ari wannan kalma, domin ba ta da nisa da bukka. In haka ne, to sunan da kansa ya tona asirin matsalar, don kuwa bukka mahalli ne na wucin gadi, kuma haka mahukuntan birnin suka ɗauki buka tun zamanin Turawa.

Bayan annobar da ɓeraye suka yaɗa a 1924, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar raya birnin a 1928, kuma da sunan tsabta aka shiga rushe tsakiyar tsibirin Ikko daga 1955. Wannan harshe na tsabta shi gwamnatocinmu suka gada. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 aka ƙara masa babin tsabtar muhalli, rumfunan bakin titi suka sha katafila. A watan Yulin 1990 Gwamna Raji Rasaki ya ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan aka baje unguwar, mutane kimanin 300,000 suka watse, masu dafawa da masu ci gaba ɗaya. A Janairun 2009 gwamnatin Fashola ta share Oshodi.

Ba mu musun cewa akwai ƙazanta. Mun ga bukar da aka kafa a kan kwata, mun ga ruwa ɗaya ana wanke kwanuka da shi tun safe har la'asar. Amma abin lura shi ne, ranar rusau ba wanda ke buɗe tukunya ya duba. Takardar fili ake tambaya, da izinin gini, abubuwan da matar da ta fara sana'a da kuɗin adashi ba za ta taɓa mallaka ba. Saboda haka mai tsabta da marar tsabta rana ɗaya suke tashi, filin kuwa yakan koma hannun mai ƙarfin jari. Wanda ya ga gine-ginen da suka tsiro a tsohuwar Maroko ba ya bukatar ƙarin bayani.

Ita kuwa kasuwa, labarinta ya fi sarƙaƙiya. Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, ya kuma jawo sallamar ma'aikata. Sai dai maimakon ya kashe buka, yaɗa ta ya yi: matan waɗanda aka sallama suka ɗora tukwane, ma'aikacin da albashinsa ya daina isar otal ya sassauta laktaye ya zauna a benci. A shekarar ce kuma kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Marina, daga baya Tantalizers ya biyo a 1997. Waɗannan sun janye masu hali, musamman da suka fara sayar da abincin gargajiya cikin sanyin na'ura, amma ba su taɓa lebura da direban molue ba.

Bugun da ya fi zafi ya zo ne bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Kuɗin dakon tumatir da attaruhu da albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 ya tashi, gas da gawayi suka bi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A Janairun shekarar kuma jihar ta haramta fararen robobin nan marasa nauyi da ake zuba wa mai tafiya abinci. Babban kamfani yana iya ƙara farashi ya jure. Mai buka kuwa ta san aljihun kowane mai cin tuwonta, wasu ma bashi suke ci sai ƙarshen wata. Sai ta rage yankan nama, ta sallami yarinya ɗaya, ta daina dafa na dare, har ranar da mai fili zai nemi hayar shekara a dunƙule.

Gidajen da katafila ta ture akan sami ɗan jarida ya ɗauki hotonsu. Waɗanda tsada ta rufe kuwa, da yake galibinsu ba su taɓa shiga rajistar hukuma ba, makwabta ne kawai kan lura wata safiya cewa ba a hura wuta ba.