Ma'aunin Talauci Mai Fuskoki Da Dama: Yadda Najeriya Ke Auna Rashi

Shekaru da dama masu bincike kan tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa suna auna talauci da abin da mutum ke samu ko yake kashewa. Masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1998, na cikin waɗanda suka nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya bayyana halin da iyali ke ciki. Magidanci na iya samun na cefane, amma 'ya'yansa ba sa zuwa makaranta, kuma babu asibiti a kusa da shi. A kan wannan tunani ne cibiyar nazarin talauci ta Jami'ar Oxford da ke Ingila da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da ma'aunin talauci mai fuskoki da dama a 2010.

Najeriya ta gudanar da nata binciken ƙarƙashin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja, tare da taimakon waɗannan cibiyoyi biyu da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsakanin Nuwamban 2021 da Fabrairun 2022, jami'an hukumar sun ziyarci gidaje fiye da 56,000 a mazaɓun sanatoci 109 na ƙasar. An ƙaddamar da rahoton a Abuja ranar 17 ga Nuwamba, 2022.

Ma'aunin ya ƙunshi alamomi 15 a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin rayuwa, sai aikin yi da tsaro. Ana duba abinci mai gina jiki, zuwan yara makaranta, ruwan sha, makewayi, kayan ginin gida, makamashin girki da rashin aikin yi. Gidan da sai an yi tafiyar minti 20 ko fiye a ƙafa kafin a kai cibiyar lafiya mai aiki, ana lissafa shi cikin masu rashi ta wannan fuska. Idan rashin da gida ke fama da shi ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar makin, ana ɗaukar mutanen gidan a matsayin matalauta.

Sakamakon ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na al'ummar ƙasar, suna cikin irin wannan talauci. Miliyan 86 daga cikinsu na Arewa, miliyan 47 na Kudu. A karkara adadin ya kai kashi 72, a birane kuwa kashi 42. Jihar Sakkwato ce ke kan gaba da kusan kashi 91, sai Bayelsa, yayin da Ondo ke da mafi ƙaranci, kashi 27. Kashi biyu cikin uku na yaran ƙasar matalauta ne bisa wannan ma'auni.

Binciken da hukumar ta yi a 2018 zuwa 2019, wanda ya dogara da kuɗi, ya sa kashi 40.1 ne kawai cikin talauci, wato masu kashe ƙasa da naira 137,430 a shekara. Wannan tazara ta nuna cewa miliyoyin mutanen da suka tsallake ma'aunin kuɗi har yanzu ba su da ruwa mai tsabta, makaranta ko asibiti.

Amfanin rahoton shi ne yadda ya fayyace irin rashin da ya fi damun kowace jiha da kowace mazaɓa. Da shi gwamnatoci za su iya tsara kasafin kuɗi bisa buƙatar kowane yanki, su kuma auna ci gaban da aka samu kan manufar kawar da talauci zuwa 2030, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a 2015.