Amsoshin Takardunku: Wa Ke Da Ma'anar Waƙa, Makaɗi Ko Mai Saurare?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Kurawa, ƙaramar hukumar Sabon Birni, ya ce gardama ta sarƙe tsakaninsu a kasuwa kan zambon da ke cikin waƙoƙin Narambaɗa, kowa na cewa da wane ake, har wasu sun daina gaisawa. Yana son a warware masa, shin wa ke da ikon fassara waƙa?

AMSA: To malam, wannan gardama taku ta girmi kakanninmu. Amma bari mu fara daga gida.

Shi Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, ya fara da kiɗan noma, daga baya ya zama makaɗin kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Ya rasu a 1963. Kamar sauran makaɗan fada, in zai yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo ba ya kama suna, sai ya siffanta shi da wata dabba ko wani hali. Mutanen fada na lokacin sun san inda aka dosa, don sun san rigimar da ake ciki. Da rediyo da kaset suka kai waƙoƙin Kano da Zariya da Maraɗi, sai suka faɗa kunnen waɗanda ba su san Isa ba, wasu ma Sakkwatancin ya fi ƙarfinsu. Kowa ya ɗauki hular ya ɗora wa wanda ya ga dama.

Ko kalmar Gobir ma tana bukatar lura. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa sun kafa Tsibiri, daga baya Sabon Birni, alhali gidan sarautar Isa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Ka ga wanda bai san wannan tarihi ba, yana iya jin an yabi Sarkin Gobir ya kai yabon gidan da ba can aka nufa ba.

Larabawa ma sun sha wannan. Mutanabbi, wanda ya rasu a 965, ya yabi Kafur mai mulkin Masar, da suka ɓata kuma ya yi masa zambo mai zafi. Daga nan masu sharhi suka koma kan yabon farko, wasu suka ce ai tun asali akwai ba'a lulluɓe a ciki. An ruwaito cewa in aka matsa wa Mutanabbi da tambayar ma'anar baitinsa, yakan tura mutum wurin malamin nahawu Ibnu Jinni.

A ƙasashen Turawa masana sun rabu. A 1946 wasu Amurkawa biyu, Wimsatt da Beardsley, suka ce a bar tonon niyyar mawaƙi, a dubi kalmomin da ya faɗa. A 1967 Roland Barthes na Faransa ya ƙara gaba, ya ce da zarar aiki ya fita hannun mai shi, mai karatu ne ke ba shi ma'ana. A shekarar nan kuma E. D. Hirsch na Amurka ya ce a'a, ma'ana ta mai magana ce, abin da ke sauyawa shi ne amfanin da kowane zamani ke samu daga gare ta.

A ganinmu maganar Hirsch ta fi kusa da zancenku. Abu biyu ne, kada a haɗa su. Wanda Narambaɗa ya nufa magana ce ta tarihi, sai da hujja: dattawan da suka zauna fadar Isa, ko binciken masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya fitar da littafi kan makaɗin a 2009. Darasin da ke cikin zambon kuwa, na hassada ko girman kai ko cin amana, wannan na kowa ne, manomi da ɗan kasuwa duk suna iya ɗauka.

Saboda haka in wani ya ce da kakan wane ake, a tambaye shi wa ya gaya masa, kuma a wace fada aka yi waƙar. In ba shi da amsa, to ra'ayinsa ne, kada a ɓata zumunci a kai. Muna fata mai tambaya ya gamsu, a gaida mana mutanen Kurawa.