Gidan Russell: Wasiyyar Uba da Tarbiyyar Kaka

A farkon 1876 wani ɗan sarautar Ingila da ake kira Lord Amberley ya rasu yana ɗan shekara 33, ya bar 'ya'ya maza biyu. Matarsa da 'yarsu sun riga shi tun 1874, mashaƙo ya ɗauke su. Mutumin bai yarda da addini ba, shi ya sa ya rubuta wasiyya cewa a danƙa yaran hannun wasu abokansa biyu masu ra'ayi irin nasa, kada a tashe su a coci. Iyayensa suka ce ba za ta saɓu ba. Kuma ba ƙananan mutane ba ne: mahaifin, Lord John Russell, sau biyu yana firaministan Birtaniya. Magana ta kai gaban shari'a, aka ture wasiyyar, aka kwashi yaran zuwa Pembroke Lodge, gidan da Sarauniya Victoria ta ba tsohon a gefen Landan. Ƙaramin cikinsu, Bertrand, shekararsa uku.

Kakansa ya rasu a 1878, riƙo ya koma kacokan hannun kakarsa, mace mai ibada da tsanani. Wanka da ruwan sanyi rani da hunturu, addu'ar gida da ƙarfe takwas na safe, karatu kuma a ɗaki wurin malaman haya, babu makaranta balle abokan wasa. Yana ɗan shekara 11 wansa Frank ya fara koya masa lissafin Euclid. Yaron ya tsaya kai da fata: me ya sa za a ce ya karɓi ƙa'idojin farko ba tare da hujja ba? Frank ya ce in bai karɓa ba, karatu ya ƙare. Ya karɓa, amma ransa bai kwanta ba. Da ya kai 15 ya soma rubuta shakkunsa game da addini a wani littafi, da haruffan Girkanci, don kada tsohuwar ta gane. Kafin ya shiga jami'ar Kambirij a 1890 ya riga ya bar imani.

Ban yarda da inda ya tsaya a kan Ubangiji ba, kuma ba zan ɓoye haka ba. Sai dai duk wanda ya karanta rayuwarsa zai ga cewa tsohuwar ba ta yi aikin banza ba. A Baibul ɗin da ta ba shi ta rubuta masa ayar da ke hana mutum bin taro wajen aikata ɓarna. Ya ajiye addininta, ya riƙe wannan har tsufa. A 1916 kwalejin Trinity ta kore shi daga koyarwa saboda adawa da yaƙin duniya na farko, a 1918 kuma aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata shida a kurkukun Brixton. A 1940 wata kotu a Niyok ta soke kujerar farfesa da aka ba shi, bayan malaman coci sun taso shi gaba kan ra'ayinsa game da aure. Shekara goma bayan haka ya karɓi kyautar Nobel. A 1961, yana ɗan shekara 89, aka sake ɗaure shi kwana bakwai kan zanga-zangar makaman nukiliya. Saƙonsa na ƙarshe ma na suka ne ga hare-haren Isra'ila da korar Falasɗinawa daga gidajensu. An karanta shi a wani taro a Alƙahira kwana ɗaya bayan rasuwarsa a Wales, ranar 2 ga Fabrairu 1970, yana da shekara 97.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne cikin gidansa. Aure huɗu ya yi, ya haifi 'ya'ya uku: John a 1921, Katharine (Kate) a 1923, Conrad a 1937. Ya ƙudura cewa nasa 'ya'yan ba za su san tsoron da ya tashi a ciki ba. A 1927 shi da matarsa ta biyu, Dora, suka buɗe makarantar Beacon Hill, babu bulala, babu darasin ibada, yaro ya tambayi abin da ya ga dama. Niyyar mai kyau ce. Amma don kada a ce sun nuna son kai, sai suka riƙa ɗaukar John da Kate kamar sauran ɗalibai, yaran kuwa suka ji an raba su da uwa da uba alhali suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Auren ya mutu a 1935 cikin rigimar lauyoyi kan riƙon yara. John ya girma ya kamu da taɓin hankali, ya daɗe yana fama. Conrad, wanda ya zama babban masanin tarihi, ya yi shekaru masu yawa ba ya ganin mahaifinsa bayan rabuwar iyayensa, sai dab da ƙarshe suka shirya. Mutumin da ya san zafin maraici tun yana rarrafe, ga nasa sun ɗanɗana wani irinsa yana raye. Wannan yana min ciwo, kuma ba na jin littattafansa sun wanke shi a nan.

Kate kuwa ta shiga Kiristanci da ƙafarta. Mijinta Ba'amurke ya zama limamin coci, suka tafi Uganda aikin mishan tare da 'ya'yansu. Ba ta yanke zumunci da tsohon ba. A 1975 ta fitar da littafi a kansa, ta faɗi laifinsa ba ta rage ba, ta kuma nuna irin son da take masa. A ganinta duk faɗi-tashin mahaifinta neman Ubangiji ne, sai dai bai taɓa samun abin da zai gamsar da hankalinsa ba. Da yana raye da ya musa, ya nemi hujja. Ita dai ta san shi a kan teburin abinci, kuma ta zauna a kan wannan fahimta a tsohon gidan hutunsu na Cornwall har ta rasu a 2021, ita ma tana da shekara 97.