Tarihin Furotin Masu Riƙe da Zaren Gado

A shekarar 1869, a birnin Tubingen na ƙasar Jamus, wani matashin malami mai suna Friedrich Miescher ya tattara tsummokaran ɗaure miki daga asibiti, ya wanke mugunyar da ke jikinsu, ya tace daga cikinta sinadarin da a yau ake kira DNA, watau zaren gado. Bayansa, a 1884, Albrecht Kossel ya fitar da histon daga jajayen ƙwayoyin jinin dinya, watau furotin ɗin da zaren gado yake naɗewa a kansa kamar yadda zare yake naɗewa a mazari.

Shekaru da dama hankalin malamai yana kan histon saboda yawansa, har Edgar da Ellen Stedman suka kawo ra'ayi a 1950 cewa shi ne yake rufe bakin ƙwayoyin gado. Amma da bahasi ya zurfafa sai mas'ala ta taso, domin histon iri biyar ne kawai, kuma kusan ɗaya suke a hanta da ƙwaƙwalwa, alhali kuwa aikin hanta daban, na ƙwaƙwalwa daban. Tilas aka koma ga ragowar furotin ɗin da ake bari a baya bayan an cire histon, waɗanda ƙarancinsu da yawan nau'o'insu suka daɗe suna gagarar masu bincike.

A 1973, a Landan, Goodwin da Sanders da Johns suka jiƙa kuromatin na ɗan maraƙi, watau zaren gado haɗe da furotin ɗinsa, da ruwan gishiri, suka ware ƙananan furotin masu saurin gudu idan an tura su da lantarki, suka kira su HMG. Daga baya aka gane cewa waɗansunsu lanƙwasa zaren suke yi domin masu karanta shi su sami mashiga. A 1986 James da Elgin suka gano HP1 a jikin ƙudan 'ya'yan itace, furotin da yake dunƙule sashen zaren da ba a bukatar karantawa. A 1997 kuma aka bayyana kondensin mai tattara zaren, da kohesin mai riƙe tagwayen kuromosom, watau ƙunshin zaren gado, har lokacin rabuwar ƙwaya ya yi.

Hakika wannan tarihi ya tabbatar da cewa hukuncin abin da kowace ƙwaya za ta karanta cikin gadonta, da abin da za ta bari a rufe, galibinsa yana hannun waɗannan furotin da aka jinkirta kulawa da su, kuma ɓacinsu yana cikin sabubban cutar daji da nakasar haihuwa.