Shugaban majalisar dokokin Nijar: aikinsa, ikonsa da wa'adinsa

Shugaban majalisar dokoki shi ne ɗan majalisar da takwarorinsa suke zaɓa domin ya jagoranci zamansu, ya kuma yi magana da sunan majalisar a gaban sauran hukumomin ƙasa. A Najeriya ana ce wa mai irin wannan muƙami kakakin majalisar wakilai, domin can majalisun tarayya biyu ne, ta wakilai da ta dattawa. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, majalisa ɗaya ce, mai mazauni a Yamai. Kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta 6 na 2009 ya tanadi majalisar dattawa, amma ba a kai ga kafa ta ba aka yi juyin mulki.

Bayanin da ke biye ya dogara ne da kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, na Jamhuriya ta 7, wanda sojoji suka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Yadda ake zaɓensa

Talakawa ba sa zaɓen shugaban majalisa kai tsaye. Mai jefa ƙuri'a a Tanut ko Belbeji jerin sunayen jam'iyya yake zaɓa, kuma jihar Damagaram ce mazaɓarsa, ban da Tesker da aka ware a matsayin mazaɓa ta musamman. Bayan Kotun tsarin mulki ta tabbatar da sakamako, sai ƴan majalisar, waɗanda yawansu ya kai 171 daga 2016, su zaɓi ɗaya daga cikinsu. Kafin ya kama aiki yakan yi rantsuwa da littafin addininsa a gaban wannan kotun.

Sau da dama kujerar kan zama ladan ƙawancen siyasa. Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP ya same ta a 1993 a cikin ƙawancen AFC. Mahamane Ousmane na CDS-Rahama ya hau ta a 1999 bayan ya mara wa Tandja Mamadou baya a zagaye na biyu. Haka Hama Amadou ya yi da Mahamadou Issoufou a 2011, haka Seini Oumarou ya yi da Mohamed Bazoum a 2021. Dukansu huɗu ba daga jam'iyyar da ta fi yawan kujeru suka fito ba.

Aikinsa a zauren majalisa

Shi ke buɗe zama da rufe shi, ya ba da izinin magana, ya tsawatar idan muhawara ta yi zafi, ya sa a kaɗa ƙuri'a ya kuma bayyana sakamakonta. Kwamitin gudanarwa, wanda aka fi sani da biro, shi ke taimaka masa, kuma doka ta ce dole kwamitin ya ƙunshi masu rinjaye da ƴan adawa gwargwadon ƙarfinsu. Shi ke jagorantar taron shugabannin rukunonin ƴan majalisa da na kwamitoci, inda ake tsara abin da za a tattauna da ranar da za a tattauna shi. Idan an amince da doka, shi ke miƙa ta ga shugaban ƙasa domin sa hannu.

A nan ne aikinsa ya fi shafar mutanen Damargu. Kuɗin gyaran hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas, da na rijiyoyi, da na hatsin da ake sayarwa da rahusa a shekarar da damina ta gaza, duka daga kasafin kuɗin ƙasa suke fitowa, wanda majalisa ke dubawa a zaman ƙarshen shekara. Dokokin da ke raba tsakanin gonaki da makiyaya, irin ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, su ma aikin majalisa ne. Tambayar da ɗan majalisa zai yi wa minista a kan waɗannan batutuwa ta hannun shugaban majalisa take bi. Ba shi ke yanke hukunci ba, amma mai tsara jadawali yana iya gaggauta magana ko ya jinkirta ta.

Ikonsa a wajen zaure

Aya ta 53 ta ce idan shugaban ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko ya kasa aiki kwata-kwata, shugaban majalisa ne zai riƙe ƙasa, a shirya sabon zaɓe tsakanin kwana 45 zuwa 90. Mai riƙon ba zai tsaya takara ba, sai in ya ajiye riƙon. Wannan ne ya sa ake kiransa mutum na biyu a ƙasa. A Faransa shugaban majalisar dattawa ne ke yin wannan riƙo, kamar yadda Alain Poher ya yi a 1969 da 1974.

Dole ne shugaban ƙasa ya ji ta bakinsa kafin ya rusa majalisa, sai dai shawara ce kawai, ba ta hana rusawar. Yana kuma da hurumin kai doka gaban Kotun tsarin mulki domin a duba ko ta saɓa wa kundi.

Wa'adi da tsigewa

Aya ta 89 ta ba shi wa'adin majalisar baki ɗaya, wato shekara 5, alhali sauran mambobin biro kowace shekara ake sabunta su. Tsige shi yana da wuya: sai rabin ƴan majalisa sun sa hannu a takardar neman haka, sannan kashi 2 cikin 3 su amince. A majalisa mai kujera 171, ƙuri'a 114 ke nan. Idan kujerar ta zama babu kowa alhali majalisa na zama, ana cike ta cikin kwana 15.

Abin da tarihi ya nuna

Duk da wannan kariya, kaɗan ne suka sauka daga kujerar a lokacin da doka ta tsara. Boubou Hama, wanda ya riƙe ta tun 1958, juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974 ya sauke shi. Djermakoye ya rasa ta da aka rusa majalisa a 1994. Mahamadou Issoufou ya rasa ta a juyin mulkin 27 ga Janairu 1996. Da aka kashe Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara ranar 9 ga Afrilu 1999, Moutari Moussa ne shugaban majalisa, amma sojoji ne suka karɓi mulki.

Mahamane Ousmane, haifaffen Damagaram, ya yi kusan shekara 10 a kan kujerar. Ya ƙi amincewa da shirin tazarce, Tandja kuma ya rusa majalisar ranar 26 ga Mayu 2009. Seini Oumarou ya gaje shi, ya yi ƴan watanni, sojoji suka hamɓarar da gwamnati ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Hama Amadou ya raba gari da Issoufou a 2013, amma bai sauka ta hanyar ƙuri'ar tsigewa ba. A watan Agusta 2014 biro ya ba da izinin kama shi bisa zargin safarar jarirai, zargin da ya musanta yana cewa siyasa ce. Ya bar ƙasar, Kotun tsarin mulki ta ce kujerar babu kowa, aka zaɓi Amadou Salifou a watan Nuwamba. Ousseini Tinni ya cika wa'adinsa daga 2016 zuwa 2021. Seini Oumarou ya dawo a 2021, juyin mulkin 2023 ya sake sauke shi.

Ke nan tun samun ƴancin kai a 1960 ba a taɓa tsige shugaban majalisa da ƙuri'ar takwarorinsa ba, babu kuma wanda ya taɓa yin riƙon ƙasar da doka ta tanadar masa.

Halin da ake ciki

Tun 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa a Nijar. Hukumomin soja ne ke fitar da dokoki. A 2025 an kafa majalisar ba da shawara ta CCR, wadda naɗa mambobinta aka yi, kuma aikinta shawara ne, ba yin doka ba. Duk ranar da aka kawo sabon kundin tsarin mulki, abubuwa uku ne za su nuna nauyin wannan kujera: yadda ake zaɓen mai ita, yawan ƙuri'un da za su iya tsige shi, da wanda zai riƙe ƙasa idan babu shugaba.