Rawar da Nijeriya ta Taka a Rundunar ECOMOG, 1990-2000

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen gudummawar da Nijeriya ta bayar a rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, wadda ta yi aiki a Laberiya da Saliyo. Za a dubi asalin rundunar, da nauyin da Nijeriya ta ɗauka, sannan a auna abin da aka samu da abin da aka rasa.

2.0 Asalin Rundunar

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo, domin haɓaka tattalin arziki. Daga baya aka ƙulla yarjejeniyar hana kai wa juna hari a 1978, da ta taimakon juna kan tsaro a 1981, amma ba a taɓa gwada su a fagen fama ba.

A ranar 24 ga Disamba, 1989, Charles Taylor ya kutsa Laberiya daga Kodibuwa da nufin kifar da gwamnatin Samuel Doe. Kafin tsakiyar 1990 yaƙi ya isa Manrobiya, dubban baƙi kuma, har da 'yan Nijeriya, suka maƙale. Amurka, wadda ake yi wa kallon uwar gijiyar Laberiya, ta taƙaita ga kwashe mutanenta. Ganin haka, kwamitin sulhu da Janar Ibrahim Babangida ya ba da shawarar kafawa ya zauna a Banjul ranar 7 ga Agusta, 1990, ya yanke shawarar tura dakaru. A ƙarshen watan, sojoji sama da 3,000 daga Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya suka sauka a Manrobiya.

Tun farko kan ƙungiyar a rabe yake. Kodibuwa da Burkina Faso suna bayan Taylor, shi kuwa Taylor yana kallon Babangida a matsayin aminin Doe, don haka ya tarbi rundunar da harbi.

3.0 Nijeriya a Laberiya

Kwamandan farko shi ne Laftanar Janar Arnold Quainoo na Gana. A ranar 9 ga Satumba, 1990, mayaƙan Prince Johnson suka kama Doe a hedikwatar ECOMOG, suka tafi da shi suka kashe. Wannan abin kunya ya sa Nijeriya ta karɓi ragamar aikin, ta tura Manjo Janar Joshua Dogonyaro, wanda ya kori mayaƙan Taylor daga Manrobiya, har gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amos Sawyer ta samu wurin zama. Daga nan kwamandojin Laberiya duk 'yan Nijeriya ne. Abin lura shi ne da yawansu, kamar Dogonyaro da John Shagaya da John Inienger da Victor Malu, sun fito ne daga yankin tsohuwar Jihar Binuwai-Filato, wadda Keffi ke cikinta daga 1967 zuwa 1976.

Nijeriya ce ta samar da mafi yawan sojoji da jiragen ruwa da na sama, ita ce kuma ta biya mafi yawan kuɗin. Da Taylor ya sake afka wa Manrobiya a Oktoban 1992, jiragen yaƙinta ne suka taimaka aka mayar da shi baya. Sanagal, wadda ta shigo a 1991, ta janye a farkon 1993 bayan an kashe mata sojoji 6. Sai bayan yarjejeniyoyin Abuja na 1995 da 1996 aka karɓe makamai, aka yi zaɓe ranar 19 ga Yuli, 1997. Taylor ya lashe da kusan kashi 75 cikin 100. Wato mutumin da aka shafe shekara bakwai ana tare wa hanya da bindiga ya shiga fadar ta akwatin zaɓe.

4.0 Nijeriya a Saliyo

A ranar 25 ga Mayu, 1997, Manjo Johnny Paul Koroma ya hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah, ya kuma haɗa kai da 'yan tawayen RUF. A Fabrairun 1998 dakarun Nijeriya ƙarƙashin Kanar Maxwell Khobe suka ƙwace Firitawun, Kabbah ya koma kujerarsa ranar 10 ga Maris. Sai dai a ranar 6 ga Janairu, 1999, 'yan tawaye suka sake kutsawa birnin, suka kashe dubban mutane, suka yanke hannayen wasu kafin a fatattake su. An ƙulla yarjejeniyar Lome a Yulin 1999, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin, ECOMOG ta kammala janyewa a 2000.

5.0 Riba da Hasara

Gwamnatin Obasanjo ta bayyana a 1999 cewa ƙasar ta kashe kimanin dala biliyan 8, ta kuma rasa ɗaruruwan sojoji. An yi wannan ne a lokacin da talaka ke fama da raɗaɗin shirin tsuke bakin aljihu, kuma babu majalisar da aka nemi izininta. An zargi wasu sojoji da kwasar ganima da kisa ba tare da shari'a ba. Haka nan masu suka sun ce Janar Sani Abacha yana mayar da mulkin farar hula a Saliyo alhali ya hana shi a gida, abin da Hausawa ke kira laifi tudu ne.

Duk da haka, misalin Gini Bisau ya nuna nauyin Nijeriya. Rundunar da Benin da Gambiya da Nijar da Togo suka tura can a 1999, da tallafin Faransa amma ba tare da Nijeriya ba, ba ta kai sojoji 1,000 ba, kuma a gabanta aka kifar da Shugaba Vieira a watan Mayu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa Nijeriya ce ƙashin bayan ECOMOG, kuma ƙarfinta ya hana Manrobiya da Firitawun faɗawa baki ɗaya hannun masu bindiga. Amma ƙarfi bai haifar da yarda ba. Zargin babakere da ya raba ƙungiyar a 1990 ya sake kunno kai a 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar tura dakaru Nijar, sanatocin Arewa suka ƙi amincewa, daga bisani Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025. Ƙawancen soja yana ɗorewa ne idan maƙwabta sun amince da jagora, al'ummar da ke ba da 'ya'yanta da dukiyarta kuma an nemi yardarta.