Sunan Zuriya "Sousa": Asalinsa, Furucinsa da Yaɗuwarsa

Sousa yana ɗaya daga cikin tsofaffin sunayen zuriya na ƙasar Fotugal. Asalinsa sunan wani kogi ne a arewacin ƙasar, wanda yake zuba cikin kogin Douro gabas da birnin Porto. Wani gidan sarauta da ya mallaki ƙasa a kwarin kogin shi ya fara amsa "de Sousa", wato "na Sousa", kamar yadda Bahaushe yakan jingina mutum ga garinsu.

Dangane da furuci, a harshen Fotugal harafin s idan ya faɗo tsakanin wasula biyu, z ake faɗa. Shi kuwa ou, mutanen Lisbon o suke furtawa, na arewa kuma su ƙara masa ɗan w. Saboda haka "Soza" shi ya fi kusa da furucin masu harshen. Bayan gyaran ƙa'idojin rubutu na 1911, Sousa ya zama daidaitaccen rubutu a Fotugal, amma tsohuwar sigar Souza ta ci gaba da yawaita a Barazil.

Abin lura a nan shi ne, ba ta hanyar haihuwa kaɗai sunan ya yaɗu ba. A Goa ta ƙasar Indiya, waɗanda suka karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 16 sun ɗauki sunayen Fotugal wajen baftisma, har aka sami D'Souza. A Barazil kuma, bayi da 'yantattu da yawa sunan ubangijinsu suka amsa.

Daga Bahia ta Barazil ne Francisco Félix de Sousa, babban dillalin bayi, ya zo gaɓar Afirka ta Yamma. Ya taimaki Gezo ya hau gadon sarautar Dahomey a 1818, aka ba shi sarautar Chacha a Ouidah, inda ya rasu a 1849. Gidansa ya tara 'ya'ya da barori da bayi, sunan kuma ya bunƙasa a Benin da Togo, inda karatun Faransanci ya mayar da furucinsa "Suza". Babban Bishop Isidore de Souza, wanda ya shugabanci taron ƙasa na Benin a 1990, wannan suna yake amsawa.

Ke nan, wajibi ne mai nazarin tarihi ya yi hattara. Suna ɗaya yana iya haɗa jikan mai sayar da bayi da jikan wanda aka sayar, don haka suna kaɗai ba ya zama hujjar jini sai an bi salsalar gidan.